Daga Alƙalamin Boɗinga Zuwa Linzamin Kwamfuta: Tarihin Abin da Mai Zane Ke Wuni Riƙe da Shi

Kamar kullum, ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraro ba, da kuma masu son su ajiye su karanta a tsanake.

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da kowa ya raina, wato maus, wanda masana harshe suka raɗa wa suna linzamin kwamfuta. Tun da muka fara maganar sana'ar zane a kwamfuta, irin su fasta da katin biki da tambarin shago da kalandar makaranta, tambayar da ta fi zuwa mini daga matasan Boɗinga da Shagari ita ce: wane maus zan saya? Wani ya ce mai waya ko marar waya? Wani ya ce ya ga wani mai fitilu kala-kala a kasuwa, shi ne ya fi? To zan amsa, amma ta hanyar tarihi zan bi da ku, domin amsar tana can. Abin da hannu zai wuni riƙe da shi, hannun da aikin su ne ke da ikon zaɓensa. Mutanen yankin nan namu sun san haka fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, mu ne muka manta.

Boɗinga da Sifawa, zamanin alƙalami

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san Boɗinga, ya san Shagari. Galibi mota ce ke ratsawa da mu, ba ma tsayawa mu tuna abin da aka yi a wurin. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa wajajen 1810, bai tashi ba sai 1815 da ya koma Sakkwato. Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa a garin Boɗinga ya kafa gidansa, kusa da yayansa. A Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ragamar mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello.

Waɗannan shekaru na rubutu ne sosai. A 1812 Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri. A 1813 Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati. Wajajen 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'wili. To tambayar da ban cika jin ana yi ba ita ce, ta yaya waɗannan littattafai suka kai Katsina da Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa? Babu injin ɗab'i a ƙasar nan a lokacin. Kowane kwafi da hannu aka yi shi, harafi bayan harafi. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna a zaure daga hantsi zuwa la'asar suna kwafa.

Ni a ganina waɗannan su ne masu zanenmu na farko, kuma ba zuzutawa nake yi ba. Ka je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato ka dubi tsofaffin littattafai. Za ka ga an tsara shafi da lissafi: matani a tsakiya, fili a gefe don sharhi, baƙar tawada ga jimloli, ja ga wasali da kan babi. A Alƙur'ani ma har da rawaya da kore, kowane launi da aikinsa. Tun da ba a ɗinke takardun, a sake suke cikin gafaka, sai a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda aka gama, don ko takardu sun tarwatse a iya mayar da kowace wurinta. Ga kuma zayyana, adon da ake yi wa mafarin sura da allon sauka. Duk abin da muke koya wa yara yau a kan tsarin shafi, da tazara, da bambanta babban rubutu da ƙarami, yana nan a waɗannan takardu.

Takardar kuma ba arha gare ta ba. Da yawanta daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro da ita hamada. Idan ka ɗaga irinta ga hasken rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Ka ga wanda zai rubuta a kan abin da ya yi irin wannan tafiya ba shi da damar yin ɓarna. Babu maɓallin da zai danna kuskure ya goge.

Shi ya sa suka ɗauki alƙalami da muhimmanci. Marubuci ba ya zuwa kasuwa ya ce a ba shi alƙalami mai kyan gani. Da kansa yake zaɓen kara, ya duba kaurinsa ko ya zauna tsakanin yatsunsa, ya sa wuƙa ya feƙe, ya tsaga bakin daidai yadda tawada za ta sauko. Kuma ba ɗaya yake ajiyewa ba. Akwai mai faɗin baki na matani, akwai siriri na wasali, akwai na zayyana. Tawadar allo daban, wadda ake wankewa, ta takarda daban, wadda za ta daɗe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san idan ka ari alƙalamin wani, rubutunka sai ya canza, domin bakin ya riga ya bi karkatar hannun mai shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shagari, zamanin buroshi da fenti

Mu matsa gaba a kan hanyar, mu kuma matsa gaba a shekaru. A garin Shagari aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925. Malamin makaranta ne kafin siyasa, mutumin alli da allo. A zamaninsa ne boko da injin ɗab'i suka kafu a Arewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Amma injin yana birni. A ƙauye da ƙananan garuruwa, hannu ne dai ke aikin.

Ku dubi zaɓen 1979. Jam'iyyu biyar ne suka shiga: NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP. Masu jefa ƙuri'a da yawa ba sa karanta boko, don haka alamar jam'iyya ita ce komai. NPN ta Shagari gida da masara, PRP ta Malam Aminu Kano mabuɗi. Manyan fastoci a birni ake buga su, amma wanda ya zana gida da masara a bangon shago, a jikin mota, a kan farin ƙyalle da aka ɗaure tsakanin bishiyu, mai fenti ne da buroshinsa. Shi ma kamar marubucin Boɗinga, yana da buroshi na manyan haruffa, yana da na jan layi, kuma idan gashin ya yi masa yawa sai ya sa reza ya rage. Ofisoshi da makarantu kuwa tafireta da injin gurza suke amfani da su.

Shagari ya karɓi rantsuwa ranar 1 ga Oktoban 1979. Sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamban 1983. Ku riƙe waɗannan ranaku biyu, domin a daidai tsakaninsu ne, can a Amurka, maus ya fito daga ɗakin bincike ya shiga kasuwa. Amma labarinsa ya faro tun kafin nan.

Yadda aka haifi maus

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a kwamfuta ma alƙalami ne ya riga maus. A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland a jami'ar MIT ya ƙirƙiro manhajar zane mai suna Sketchpad. Da wani alƙalami mai gane haske ake aiki da ita, ka ɗora shi a kan gilashin kwamfuta ka ja layi. Matsalarsa ɗaya: hannu a sama yake, ba shi da wurin hutawa, kafin a jima kafaɗa ta gaji.

A daidai wannan lokaci, a wata cibiyar bincike ta Stanford a jihar Kalifoniya, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart yana neman hanyar da ta fi sauƙi ta nuna abu a fuskar kwamfuta. A 1964 abokin aikinsa Bill English ya ƙera masa wani ɗan akwatin katako mai ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiyar gaba da baya, ɗaya na auna ta hagu da dama, da maɓalli ɗaya a sama. Wayar da ta fito daga jikinsa ta yi kama da wutsiya, shi ya sa suka kira shi maus, wato ɓera da Turanci. Ni dai sunanmu na linzami ya fi burge ni, don aikinsa ke nan, da shi kake juya dokin.

Ga inda darasin yake. Ba su ce tun da mu muka ƙera shi to shi ya fi ba. Gwaji suka yi. Suka zaunar da mutane, suka ba su alƙalamin haske, suka ba su sandar juyawa irin ta matuƙin jirgi, har da wata na'ura da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin tebur. Suka auna wanne ya fi sauri, wanne ya fi ƙarancin kuskure. Maus ya yi nasara. Ranar 9 ga Disamban 1968, a birnin San Faransisko, Engelbart ya nuna shi a gaban mutane kusan dubu. A shekarar ce kuma kamfanin Telefunken na Jamus ya fito da nasa mai ƙwallo a ƙasa. Engelbart ya rasu a 2013, kuma bai samu kason ciniki daga ƙirƙirarsa ba, domin haƙƙin mallakar na cibiyar ne. Allah sarki.

Bill English ya koma kamfanin Xerox, inda aka yi maus mai ƙwallo, aka haɗa shi da kwamfutar Alto a 1973. Sai dai tsada ta hana shi yaɗuwa. A Disamban 1979, wata biyu da rantsar da Shagari, Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar binciken Xerox ya ga abin da idonsa. Maus ɗin Xerox ɗaruruwan daloli yake ci. Jobs ya nemi wasu matasan masu ƙira su yi masa wanda kuɗin ƙera shi ba zai wuce dala 15 ba, wanda ba zai riƙa lalacewa ba, kuma zai yi aiki a kan tebur ko ma a kan wandon da ke jikinka. Da ƙwallon kwalbar turaren hammata da ɗan akwatin ajiye man shanu suka fara gwaji. Ranar 24 ga Janairun 1984, ko wata ɗaya ba a yi da juyin mulkin da ya kawar da Shagari ba, kwamfutar Macintosh ta fito kasuwa da maus ɗinta, a kan dala 2,495.

Daga nan sana'ar zane ta juya. A 1985 manhajar PageMaker ta fito, mutum ɗaya a ɗakinsa ya iya tsara jarida. Illustrator ta zo a 1987, CorelDRAW daga Kanada a 1989, Photoshop a 1990. Waɗannan ƙananan ɗigo-ɗigo da kuke kamawa kuna ja don lanƙwasa layi a CorelDRAW, sunan wani injiniyan Faransa suka ci, Pierre Bézier, wanda ya yi amfani da lissafin wajen tsara jikin motocin Renault a shekarun 1960. Duk lokacin da ka kama ɗigon nan, daidaiton maus ɗinka ne ake jarrabawa.

Isowarsa wajenmu

Mu a nan, abin ya fara kankama ne a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da shagunan kwamfuta suka fara buɗewa a Sakkwato. Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta buɗe kasuwar fasta: kansila, ciyaman, ɗan majalisa, kowa na son hotonsa a bango. Aikin da mai fenti ke kwana uku yana yi, yaron shago ya gama shi kafin azahar. Masu fenti da yawa suka rasa ciniki, waɗanda suka koyi kwamfuta kuma suka fi kowa iya tsara haruffa, don idonsu ya riga ya goge.

Waɗanda suka riski maus mai ƙwallo sun san wahalarsa a ƙasarmu. An ƙera shi ne don ofis mai sanyi da rufaffen tagogi. Mu kuwa hunturu ya zo, ƙura ta shiga, ƙwallon ya kwashe ta ya shafa wa 'yan sandunan da ke ciki, sai kibiya ta riƙa tsalle. Dole a buɗe, a ciro ƙwallo, a kankare datti da farce. A 1996 Microsoft ta yaɗa maus mai ɗan gare a tsakiya na hawa da saukar shafi, a 1999 kuma ta fito da mai jan haske a ƙasa, babu ƙwallo. Irin wannan, wata 'yar ƙaramar kyamara ce a cikinsa da ke ɗaukar hoton tebur fiye da sau dubu a daƙiƙa ɗaya, tana kwatanta hotunan ta gane inda ka nufa. A 2004 Logitech ta kawo mai hasken leza, a 2008 kuma ta sanar cewa ta ƙera maus na biliyan ɗaya. Abin da ya faro da akwatin katako guda ke nan.

Sai dai hannu bai taɓa barin fagen ba. A Kano, Sharif Bala Gabari da hannunsa ya rubuta Alƙur'anin da aka ɗauki hotonsa aka buga dubbai, wanda da yawanmu da shi muka yi karatu. A Japan kuma, kamfanin Wacom da aka kafa a 1983 ya dawo da alƙalami cikin kwamfuta: faranti a kan tebur, ka rubuta a kai, ya fito a gilashi, idan ka danna da ƙarfi layin ya yi kauri. Allo da alƙalami ke nan, sai dai na lantarki.

To yanzu wanne za ka saya?

Mu koma ga marubucin Boɗinga. Abu uku yake dubawa: hannunsa, aikinsa, da abin da zai rubuta a kai. Su za mu duba.

Na farko, hannunka. Ka sa ma'auni daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Idan bai kai santimita 17 ba, ƙaramin maus ne naka. Idan ya wuce 19, nemi babba. 'Yan ƙananan nan da ake sayarwa tare da jakar laftof, na matafiyi ne da zai duba saƙo ya rufe. Idan ka wuni da shi, yatsunka a ƙudundune za su wuni. Kada ka saya a cikin kwali a rufe. Ka ce wa mai shago ya buɗe, ka ɗora hannunka, ka ga ko tafinka ya samu wurin zama, ko yatsunka sun kai maɓalli ba tare da miƙewa ba. 'Yan uwa mata da ke shiga sana'ar nan, kuma suna ƙaruwa, kada a miƙo muku ƙato a ce shi ne na ƙwararru. Bahago kuma ya nemi wanda ɓangarorinsa biyu iri ɗaya ne, domin yawancin masu lanƙwasa na hannun dama ne.

Wannan magana ta lafiya ce, ba ta ado ba. Awa takwas kana danne wuyan hannu a bakin tebur, kana dannawa sau dubbai, ciwo zai fara daga wuyan hannu ya hau damtse har kafaɗa. Akwai wata jijiya da ke ratsa wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu. Idan ta matsu, babban yatsa da manuni da na tsakiya su ke fara mutuwa ko yin tsira-tsira, musamman da dare. Wanda ya fara jin haka ya je asibiti, kada ya tsaya shafa man zafi. Saboda irin wannan ne aka ƙera maus mai tsaye, wanda kake riƙewa kamar kana musabaha. Yana rage murɗewar hannu, amma yana ɗaukar kwanaki kafin ka saba, kuma wasu suna jin ya rage musu daidaito a ƙananan aiki. Ko da wanne ka saya, gwiwar hannu ta kasance daidai da tsayin tebur, kuma ka riƙa tashi kana miƙe yatsu.

Na biyu, aikinka. Idan fasta da kati da kalanda kake yi, wato jera rubutu da hotuna, maus mai kyau ya ishe ka. Abin da za ka duba shi ne kibiya ta bi hannunka sannu a hankali ba ta tsalle. Ga gwaji: buɗe manhajar zane, ka ja da'ira a hankali, ka kuma ja layi a karkace. Idan ka ga layin yana yin matakala ko yana kaucewa, ajiye shi. Lambar da ake rubutawa DPI a jikin kwali tana nufin ɗigo nawa kibiya za ta yi tafiya idan ka matsar da maus inci ɗaya. Masu talla suna son babbar lamba, dubu goma, dubu goma sha shida. Wannan na 'yan wasan gem ne da masu manyan gilasai. Mai zane a laftof, tsakanin 800 da 1600 ya wadatar. Abin da ya fi amfani shi ne maɓallin da zai ba ka damar rage gudun lokacin da kake cire bayan hoto ko bin gefen tambari, ka ƙara lokacin da kake yawo a shafi. Garen tsakiya ya zama mai ƙwari, don da shi za ka wuni kana kusanto da hoto kana nesantawa. Maɓallai biyu na gefe, idan akwai, ka ɗora musu umarnin da ka fi maimaitawa, kamar janye kuskure. Fitilu kala-kala kuwa, wallahi ko layi ɗaya ba za su miƙar maka ba.

Amma idan aikinka zanen fuska ne, ko rubutun Larabci da ajami, ko zayyana, to gaskiya maus ba zai ba ka abin da kake so ba. Maus bai san nauyin hannu ba, dannawa ɗaya ya sani. Tara kuɗi ka sayi ƙaramin farantin zane mai alƙalami, ko na hannu ne. Ɗan makarantar allo ya fi kowa saurin sabawa da shi. Ka ajiye maus don tsari, alƙalami don zane, yadda marubucin da ke da na matani da na wasali.

Na uku, wurin da kake. Maus marar waya yana da daɗi, amma ka tambayi kanka: idan batir ya mutu da dare ana gobe ɗaurin aure, a ina za ka samu wani a Shagari? Mai caji kuma, yaya wutar unguwarku take? Ga ɗan ƙaramin abin da ake soka wa laftof, idan ya ɓata a shagon da mutum goma ke shiga, sau da yawa maus ɗin ya tashi aiki. Don haka ga mai shago a garuruwanmu, ni mai waya nake ba da shawara. Ba ya neman batir, ba ya ɓata da sauƙi, kuma kuɗin da za ka sayi marar waya na banza zai saya maka mai waya na kirki. Mai yawo da laftof ya ɗauki marar waya, amma ya ajiye mai waya a jaka. Kada ka yi aiki a kan gilashi ko tebur mai sheƙi, kyamarar ba ta ganin komai a kai. Sayi 'yar shimfiɗar maus, ko ka sa takarda mai kauri marar ƙyalli. Da hunturu ka riƙa rufe shi da ƙyalle, domin ƙura da tsufa su ke sa maɓalli ya fara danna biyu alhali ɗaya ka danna, ka ja hoto ya suɓuce a hanya. Sannan a kula da jabu, sun cika kasuwa da sunayen manyan kamfanoni. Idan farashin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, kuma abin ba nauyi kamar fanko, ka san amsar.

Na san da yawanku a waya kuke zane, da PixelLab ko Canva, da babban yatsa. Ba abin kunya ba ne, da yawa da haka suka fara cin abinci. Amma ranar da aka kawo maka aikin allon talla mai faɗin mita uku, ko littafi mai shafi ɗari, za ka nemi kwamfuta, kuma ranar ce wannan zance zai yi maka amfani.

Abin da ya sa na ɗauki shiri guda a kan wannan ɗan abu shi ne, har yanzu aikin zane da yawa na Boɗinga da Shagari da Yabo, Sakkwato ake kai shi, wani har Kano ko Kaduna. Kuɗin mota ya tafi, kuɗin aiki ya tafi, matasanmu suna zaune. Kuma idan aikin ya dawo, sau nawa muke ganin an rubuta kasa a wurin ƙasa, an cire wa ɗ da ɓ ƙugiyarsu? Mu ya kamata mu riƙe wannan aiki, mu kuma yi shi da tsafta. Mai ba da aiki ba ya tambayar wane maus ka yi amfani da shi, amma yana ganin gefen hoton da aka yanke a karkace, kuma ba zai dawo ba. Hannun da ya lalace a shekara talatin kuma, babu shagon da ake sayar da wani.

Garin da aka kwafi tafsiri sukutum da alƙalamin kara bai kamata 'ya'yansa su riƙa sayen kayan aiki don fitila ba. Ka auna hannunka, ka san aikinka, ka dubi wutar garinku da ƙurarsa, sannan ka ciro kuɗi.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tsohon alƙalami ko littafin kakanni a gida, ya adana shi da kyau, ya kuma nuna wa ƙannensa masu koyon zane yadda aka tsara shafin. Ku tura wa abokin da ke shirin buɗe shago. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.